Magana a Kan Ƙaiƙayin Gaba Mai Daɗewa ga Mata

Bismillahir Rahmanir Rahim. Bayan haka, ya ku masu gida, ku sani akwai wata cuta da kunya ta rufe, ita ce ƙaiƙayin gaba da ke daɗewa ga mace har ya wuce mako 6, ya hana ta barci. Mutanenmu sun ba shi suna guda, wai sanyi, sai a aiki yaro kemis ya sayo kafso. Ni ina ganin sunan nan shi ne rabin wahalar, domin cututtuka da yawa ke ƙarƙashinsa, kowace da maganinta.

Akwai na ƙwayar kandida, dangin fumfuna, mai zuwa da farin ruwa mai kauri kamar kindirmo. Kafson kashe ƙwayoyin cuta ƙara mata ƙarfi yake yi, gama yana kashe ƙwayoyin kirki masu tsaron wurin. In tana yawan dawowa, a auna sukarin jini, domin ciwon sukari yana ciyar da ita. Akwai kuma wanda mace ke jawowa da hannunta tana neman tsabta: sabulu mai ƙamshi, da Dettol, da turare, da kayan matsi. Alhali tsarki da ruwa zalla ya wadatar, a shari'a da likitanci duka. Ƙazuwa da kwarkwata su ma suna sa shi.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne wanda ya fi kama matan da suka daina haila, fatar wurin ta yi fari ta yi siriri tana tsagewa. Ba a ɗaukarsa wurin miji. Maganinsa man shafawa mai ƙarfi da likita ke rubutawa, kamar wata 3, sa'an nan a riƙa komawa ana dubawa, gama kaɗan daga cikinsu kan rikiɗa su zama daji. Susa kuwa tana kaurara fata, fata mai kauri ta ƙara ƙaiƙayi.

To, yaya za a rarrabe waɗannan ba a duba ba? Sai an ga wurin, an ɗebi ruwan an sa a madubin likita, wani lokaci a yanki ɗan ƙanƙanin fata a auna. Malamai sun halatta duba al'aura saboda larura. Saboda haka miji ya kai ta asibiti, ya nemi likita mace in akwai, ya biya kuɗin awo, kada kuma ya tuhume ta da abin da ba ta yi ba. Wassalam.