Abba Gida-Gida da bashin da ƙananan hukumomi ke bin sa

Cikin gwamnonin da suka mulki Kano tun dawowar mulkin farar hula a 1999, babu wanda ya sha wuya a hannun masu ƙidayar ƙuri'a da alƙalan zaɓe kamar Injiniya Abba Kabir Yusuf, wato Abba Gida-Gida. Wannan jarida na ganin lokaci ya yi da za a ɗora tarihin takararsa a faifai, domin akwai abin da tarihin ya wajabta masa wanda har yanzu bai sauke ba.

An haife shi a 1963, asalinsa mutumin Gaya ne, kuma injiniya ne da ya fara aiki a hukumar samar da ruwa ta jiha. Siyasa kuwa a gindin Rabi'u Musa Kwankwaso ya koye ta. Shi ne na hannun damansa a zangon farko na 1999 zuwa 2003, ya bi shi Abuja lokacin da Kwankwaso ya zama ministan tsaro, sannan da Kwankwaso ya dawo mulki a 2011 ya ba shi kwamishinan ayyuka, gidaje da sufuri. A zamanin nan ne aka yi gadar sama ta Ƙofar Nasarawa da rukunin gidajen Kwankwasiyya, Amana da Bandirawo. Masu sukarsa na cewa jar hular Kwankwasiyya ce kawai jarinsa, magoya bayansa kuma na nuna waɗancan ayyuka. Kowane ɓangare na da abin kamawa, ba kuma a nan muke son tsayawa ba.

A 2019 ya tsaya wa PDP takarar gwamna. Da aka tattara sakamakon zaɓen 9 ga Maris, yana da ƙuri'a 1,014,474, gwamna mai ci Abdullahi Umar Ganduje na da 987,819. Rata ce ta sama da dubu ashirin da shida. Sai rikici ya ɓarke a cibiyar tattara sakamako ta ƙaramar hukumar Nasarawa, aka yayyaga takardu, mazaɓar Gama ta zama abin magana a ƙasa baki ɗaya, hukumar INEC ta ce zaɓe bai kammala ba. Abin da ya faru ranar 23 ga Maris, ranar da aka ƙarasa zaɓen, Kanawa ba su manta ba, masu sa ido na gida da na waje ma sun rubuta shi: 'yan daba riƙe da makamai sun mamaye rumfuna da dama, aka kori wakilai, aka hana mutane kaɗa ƙuri'a. Da ƙura ta lafa aka ce Ganduje na da 1,033,695, Abba na da 1,024,713. Ya bi kadin maganar har Kotun Ƙoli, wadda ta tabbatar wa Ganduje kujerarsa a Janairun 2020.

Bayan shekara huɗu ya dawo a inuwar NNPP mai kwandon kayan marmari, jam'iyyar da ko shekara ɗaya ba ta cika da shigowa Kano da ƙarfinta ba. A zaɓen 18 ga Maris 2023 ya samu 1,019,602, Nasiru Yusuf Gawuna na APC ya samu 890,705. Nan ma ba a bar shi ya sha ruwa ba. Ranar 20 ga Satumba kotun sauraron ƙararrakin zaɓe, wadda ta karanta hukuncinta ta intanet saboda fargabar tsaro, ta zabtare masa ƙuri'a 165,663 bisa hujjar cewa babu hatimi ko sa hannu a jikin takardun, ta ba Gawuna nasara. Kotun ɗaukaka ƙara ta bi sahu a Nuwamba, ta ce wai shi ba ɗan jam'iyyar ba ne lokacin da aka tsayar da shi, sannan kwafin hukuncin da aka fitar ya zo da sakin layi mai cin karo da abin da aka karanta a zaure, har kotun ta ce kuskuren rubutu ne. Sai 12 ga Janairu 2024 Kotun Ƙoli ta mayar masa da haƙƙinsa.

Mun kawo wannan dalla-dalla ne domin a ga cewa mutumin nan ya san zafin a ƙwace wa mai zaɓe abin da ya zaɓa. Sau biyu talakawa suka yi layi cikin rana saboda shi, sau biyu maganar ta koma hannun wasu da ba su kai yawan 'yan rumfa ɗaya ba.

To, da zaɓe ya zo hannunsa fa? Ranar 26 ga Oktoba 2024 hukumar zaɓe ta jiha, KANSIEC, ta gudanar da zaɓen ƙananan hukumomi. Tun kafin ranar an ga alamu. Hukumar ta sa kuɗin fom naira miliyan goma ga mai neman shugaban ƙaramar hukuma, miliyan biyar ga mai neman kansila. Wane malamin firamare ko mai shago a Tsanyawa ko Rogo ne zai iya wannan? Ana saura kwanaki kaɗan babbar kotun tarayya da ke Kano ta ce shugaban hukumar da mambobinta ba su cancanta ba saboda alaƙarsu da jam'iyya mai mulki, babbar kotun jiha kuma ta ce a ci gaba da zaɓe. APC ta ƙaurace. Sakamakon da aka sanar bai ba kowa mamaki ba: NNPP ta lashe kujerun shugabanni 44 da na kansiloli 484, ba a bar ko ɗaya ba.

Za a ce ai ba shi ya fara ba, kuma gaskiya ne. A 2018 da 2021, ƙarƙashin Ganduje, APC ce ta kwashe duka 44. A 2014, ƙarƙashin Kwankwaso, haka aka yi. A sauran jihohi ma, ko ta wace jam'iyya ce, labarin kusan ɗaya ne. Za a kuma ce tunda 'yan adawa sun janye, wa za a ba kujerar? Amma mutanen da suka ba Gawuna ƙuri'a kusan dubu ɗari tara ba su yi ƙaura daga Kano ba. Jihar da ta rabu kusan biyu a zaɓen gwamna sau biyu a jere ba za ta wayi gari da murya ɗaya a mazaɓu 484 ba. Idan babbar jam'iyyar adawa ta ƙi shiga fili saboda ba ta yarda da alƙalin wasa ba, laifin farko na wanda ya naɗa alƙalin ne. Hujjar "haka muka tarar" ta fi rauni a bakin Abba fiye da bakin kowa, domin abin da ya tarar a 2019 shi ya kai ƙara har Abuja.

Maganar ta ƙara nauyi tun 11 ga Yuli 2024, lokacin da Kotun Ƙoli ta ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ta kuma haramta kantomomin riƙo. Ciyaman ɗin da ya san daga gidan gwamnati aka rubuta sunansa, ko an damƙa masa kuɗin a hannu, can zai juya ya kalla kafin ya gyara rijiyar burtsatse ko ɗakin shan magani. Kansila shi ne hukumar da talaka ke iya tarewa a bakin masallaci, kuma in ba ƙuri'ar unguwa ce ta kai shi ba, ba ya jin kunyar unguwa.

Kiranmu ga Gwamna Abba Kabir Yusuf shi ne, kafin zaɓen ƙananan hukumomi mai zuwa ya naɗa wa KANSIEC mutanen da ba su da katin kowace jam'iyya, a sauko da kuɗin fom inda mai ƙaramin ƙarfi zai iya, a kuma liƙa sakamakon kowace rumfa a bangonta kafin a kai shi ko'ina. Majalisar dokokin jiha ta sa waɗannan cikin doka, yadda gwamnan da zai biyo baya ba zai warware su da alƙalami ɗaya ba.