Ko Marar Aiki Na Biyan Haraji? Yadda Ake Yi A Amurka, Da Inda Maganar Ta Shafe Mu

Tun da sabuwar dokar haraji ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026, babu majalisar da za ka zauna, a Agege ne ko Sabon Ibadan ko Shagamu, ba ka ji ana tafka muhawara a kanta ba. Kusan duk maganar a kan alat take: wai duk kuɗin da ya shigo asusunka sai gwamnati ta yanki nata. Akwai tambaya ɗaya da ba a cika yi ba, alhali ta fi shafar da yawanmu. Mutumin da aka sallama daga aiki a tsakiyar shekara, ɗan abin da ya shigo hannunsa bayan sallamar, shi ma kuɗin shiga ne da zai bayyana wa hukuma?

Amurkawa sun daɗe da amsa wannan tambaya, amsarsu kuwa ita ce e. Ya kamata mu san yadda suka kai ga haka, don masu kare sabuwar dokarmu kullum da ƙasashen waje suke kafa mana hujja.

A Amurka akwai inshorar rashin aiki tun 1935, lokacin shugaba Roosevelt, bayan karayar tattalin arzikin da ta jefa miliyoyin mutane kan titi. Tsarin ba wani mai wuyar ganewa ba ne. Masu ɗaukar ma'aikata ne ke zuba kuɗi a asusu a kan kowane ma'aikacinsu. Idan aka sallame ka ba da laifinka ba, sai ka nemi jiharka ta riƙa ba ka wani abu duk mako, galibi bai kai rabin albashinka ba, da sharaɗin kana neman wani aikin. A yawancin jihohi mako 26 ake bayarwa, wato wata shida kenan.

Shekara arba'in da ɗoriya ana biyan wannan kuɗi ba a taɓa shi da haraji. A 1978, zamanin Jimmy Carter, majalisa ta yi dokar da ta fara yankar haraji daga na masu hali, waɗanda abin da suka samu a shekara ya wuce dala 20,000 ga marar aure ko dala 25,000 ga ma'aurata. A 1986 Ronald Reagan ya sa hannu a babbar dokar gyaran haraji, daga 1987 kuɗin rashin aiki gaba ɗayansa ya zama kuɗin shiga kamar albashi. Hujjarsu biyu ce. Ta farko, mutum biyu da suka samu kuɗi daidai wa daida a shekara, ɗaya da gumi ɗaya daga inshora, bai dace mai gumin ya biya haraji ɗayan ya tsira ba. Ta biyu, idan kuɗin zaman gida ba shi da haraji, wasu za su yi ta jan ƙafa wajen komawa aiki. Ta farkon na yarda tana da ƙarfi. Ta biyun kuwa, wanda ya taɓa zama wata uku ba aiki ga iyali ga kuɗin haya ya san ba daɗi ke zaunar da mutum ba.

To yaya ake bayyanawar? Zuwa ƙarshen Janairu jiha za ta aiko maka da wata takarda mai suna 1099-G, ɗauke da jimillar abin da ta biya ka a shekarar da ta wuce. Kwafinta kuma yana hannun hukumar haraji ta ƙasa, IRS. Kai kuma kana da zuwa 15 ga Afrilu ka cike takardun harajinka ka sa wannan adadi a ciki. Ɓoyewa ba ta da amfani, don kwamfutarsu za ta haɗa abin da ka rubuta da abin da jiha ta rubuta.

Tarkon a nan yake. Albashi, kafin ya zo hannunka an riga an cire haraji. Kuɗin rashin aiki kuwa ba a cirewa sai in kai ka nema, ka cike takarda ka ce a riƙa riƙe kashi 10 cikin 100. To wa zai ce a rage masa abin da ko cefane bai isa ba? Da yawa sai su karɓa duka su ci, Afrilu na zuwa sai ga lissafin bashin gwamnati, a lokacin da watakila ko aikin ba su samu ba. Mu 'ya'yan 'yan kara mun san irin wannan. Kamar dillalin da ya karɓi kuɗin sa ne ya shiga kashewa, ya manta la'ada kaɗai ce tasa, sai ranar da mai dabba ya sauka daga mota.

Shekarar korona ce ta fito da girman matsalar fili. A watan Afrilun 2020 kaɗai ayyuka sama da miliyan 20 suka salwanta a Amurka, rashin aiki ya haura kashi 14 cikin 100. Gwamnati ta ƙara dala 600 duk mako a kan abin da jihohi ke bayarwa har zuwa ƙarshen Yuli, ta kuma shigar da waɗanda a da ba sa ciki, irin direbobin Uber da masu sana'ar kansu. Mutanen da ba su taɓa karɓar wannan kuɗi ba suka karɓa, da yawansu ba su ma san akwai haraji a kansa ba. Da lokacin cike takardu ya zo a farkon 2021 aka shiga kuka. Sai a ranar 11 ga Maris 2021 Joe Biden ya sa hannu a dokar da ta yafe harajin dala 10,200 na farko ga wanda abin da gidansa ya samu bai kai dala 150,000 ba. In ka lissafa dala 600 sau mako 17, wannan adadin za ka samu. Dokar ta zo ne bayan miliyoyi sun riga sun miƙa takardunsu, dole IRS ta koma tana sake lissafi tana mayar wa mutane kuɗi. Yafiyar ta shekara ɗaya ce tak. An taɓa yin irinta a 2009, ta dala 2,400, ita ma shekara ɗaya. Jihohi kuma kowa da kiɗansa: Kalifoniya da Nu Jazi ba sa ɗora nasu harajin a kan wannan kuɗi, Tekzas da Fulorida dama ba su da harajin albashi na jiha, wasu da yawa kuwa suna karɓa.

Akwai wani ɓangare da ba ya yi mana daɗin ji amma dole a faɗa. A wannan shekara wasu Amurkawa sun ga takardar 1099-G a gidajensu na kuɗin da ba su taɓa nema ba, domin 'yan damfara sun saci bayanansu sun karɓa da sunansu. Ɗaya daga cikin waɗanda aka kama shi ne Abidemi Rufai, mai taimaka wa gwamnan Ogun a lokacin. An cafke shi a filin jirgin Nu Yok a watan Mayun 2021, ya amsa laifinsa, aka ɗaure shi shekara biyar a 2022. Ka ga wanda aka sace wa suna, bai ci ba bai sha ba, shi aka bari da wahalar gamsar da hukuma cewa kuɗin bai shiga aljihunsa ba. Duk wanda ke ba wani lambar NIN ɗinsa ko asusun bankinsa aro don a ba shi na goro, ya dubi wannan da kyau, tunda yanzu mu ma lambar harajin mutum ɗaure take da NIN ɗinsa.

Ni a ganina yankar haraji daga kuɗin marar aiki ba abin koyi ba ne, kuma yadda su kansu Amurkawa suke yafe shi duk lokacin da wuta ta yi wuta ya nuna sun san da sake. Amma kafin mu ce ashe har can ana zalunci, mu tuna abu ɗaya: sai da aka ba mutum kafin aka ce ya kawo. Sunansa na cikin littafi tun yana aiki, shi ya sa da aikin ya tafi aka san inda za a same shi.

Mu fa? Najeriya ba ta da inshorar rashin aiki. Asusun NSITF na wanda ya ji rauni ne ko ya rasu a bakin aiki. Shirin N-Power da aka fara a 2016 ya riƙa ba matasa naira 30,000 a wata, amma wannan aikin wucin gadi ne, ba haƙƙin wanda aka sallama ba. Abin da ya fi kusa shi ne dokar fansho ta 2014, wadda ta ce in ka rasa aiki ka yi wata huɗu ba ka samu wani ba, kana iya cirar kashi 25 cikin 100 na abin da ke asusunka na fansho. Kuɗinka ne dai ka ci tun kafin tsufa. Kuma mutum nawa ne cikin masu gadi, 'yan dako, mahauta da yaran mota ke da asusun fansho? Ranar 1 ga Yunin 2022 da gwamnatin Legas ta hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida, har da Ikeja da Apapa da Surulere, dubban yaranmu sun wayi gari ba sana'a, babu ofishin da za su je su ce ga mu. 'Yan uwa da sarakunan Hausawa da masallatai ne suka ɗauki nauyin, wasu aka haɗa musu kuɗin mota zuwa gida. Ko a ƙidaya ma ba a cika ganinsu ba: tun 2023 hukumar ƙididdiga ta koma lissafa duk wanda ya yi aikin awa ɗaya a mako a matsayin mai aiki, shi ya sa adadin marasa aiki ya faɗo daga kashi 33.3 zuwa 4.1 ba tare da an gina masana'anta ko ɗaya don haka ba.

Duk da haka, sabuwar dokar da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu ranar 26 ga Yunin 2025 ta yi magana a kan wanda ya rasa aiki, kuma a nan, gaskiya, ta fi ta Amurka sassauci. Diyyar sallama daga aiki ba ta da haraji har zuwa naira miliyan 50, a da iyakar miliyan 10 ce. Fansho ba shi da haraji. Kyautar da ɗan uwanka ya turo maka don ka riƙe gida, kyauta ce, ba kuɗin shiga ba. Naira 800,000 na farko da ka samu a shekara babu ko kwabo a kansu. Abin da ya biyo baya, miliyan 2.2, kashi 15 ne.

Ga lissafin da nake so direbobin kamfani da ma'aikatan masana'antu na Ikeja da Agbara da Fatakwal su yi. A ce albashinka naira 250,000 ne a wata. Kamfani zai lissafa kamar za ka cika shekara, miliyan 3 kenan, harajinsa 330,000, sai ya riƙa cire 27,500 duk wata. A ƙarshen Yuni aka sallame ka, an cire maka 165,000. Idan ba ka ƙara samun komai ba a shekarar, abin da ka samu miliyan 1.5 ne, harajinsa na gaskiya 105,000. Gwamnatin jiha na riƙe da 60,000 naka, tun kafin a sa rangwamen fansho da na haya. Doka ta yarda a nemi a mayar da rarar, amma wanda bai miƙa takardun shekara ba, ta ina zai fara? Ban ce karɓowar za ta zo da sauƙi ba, mun san ofisoshinmu. Sai dai wanda bai cike ba ya yafe ne tun kafin a hana shi.

Haka kuma in bayan sallamar ka ɗauki kuɗin sallamarka ka shiga kara kana saye da sayarwa, ko ka buɗe shagon POS, ribar da ka samu kuɗin shiga ce, za a haɗa ta da albashin watannin da ka yi. Ribar, ba uwar kuɗi ba. Wannan bambanci shi ne ran maganar ga mutanenmu. Mahaifina na iya ganin miliyoyi sun bi ta asusunsa a mako guda in tirela ta sauka, amma kuɗin masu dabbobi ne a Arewa, ga kuɗin mota, ga na shingayen 'yan rabanu tun daga hanya har Oko-Oba, abin da ya rage masa ɗan kaɗan ne. A kai yake riƙe lissafin, kamar yadda ya gada. Jami'in haraji kuwa ba ya karanta kai, takardar banki yake karantawa. Littafin naira ɗari biyar da ake rubuta abin da aka saya da abin da aka sayar da wanda aka tura wa kuɗinsa, shi ne zai raba uwar kuɗi da riba ranar da aka tambaya.

Abu biyu da ake yawan ruɗewa a kansu. Harajin mutum na jihar da yake zaune ne, ba jihar da aka haife shi ba. In a Mile 12 kake kwana kake tashi, hukumar harajin Legas ce taka, ko da iyalinka na Hadeja. Kuma wa'adin miƙa takardun shekara 31 ga Maris ne, sabuwar doka ta sa tarar naira 100,000 a watan farko ga wanda bai miƙa ba, da 50,000 a kowane wata bayansa. Ko za a iya bin talakawa miliyoyi da wannan tara wata magana ce daban, amma a rubuce take.

Rangwamen haya ma haka. An yarda ka cire kashi 20 cikin 100 na kuɗin hayar da ka biya a shekara, iyaka naira 500,000, kafin a lissafa harajinka. Sai dai za a nemi shaida, mu kuma yawancinmu ɗaki muke kamawa mutum huɗu ko biyar, a damƙa wa ejan kuɗi a hannu ba rasit. Ƙungiyoyinmu na kara da na kasuwa, da suke karɓar kuɗin tikiti a hannunmu kullum, ya kamata su ɗauki akawu ko da guda ɗaya da zai zauna a ofis daga Janairu zuwa Maris yana taya mutane cike takardu, su kuma fara matsa wa masu gidaje su riƙa ba da rasit.