Barikin Soja Na Zariya, Da Dalilin Da Ya Sa Soja Ya Yi Wa Ƙauye Nisa

Tambaya guda ce ta yawaita a bakin jama'a tun daga Dakko har Bakura da Maradun, watau me ya sa in ɓarayin daji sun faɗa wa gari, soja ba ya isowa sai ƙura ta lafa? Mai son amsa sai ya waiwayi asalin barikokin ƙasar nan, musamman na Zariya, wanda ya haura shekara ɗari yana horon kurata.

A shekarar 1897 Turawan Ingila suka ɗora wa Lugga, wanda daga baya ya zama Gwamna, aikin kafa rundunar sojan Afirka ta Yamma. Da yawa daga cikin mayaƙanta Hausawa ne, har Hausa ta zama harshen bariki. Da wannan runduna aka ci Kano da Sakkwato a 1903. Da ƙasa ta zo hannunsu, sai suka nemi inda za su ajiye soja, ba su kuwa duba kome ba sai layin dogo. Jirgin ƙasa ya ratsa Zariya ya isa Kano a 1911. Kaduna, wadda ke kan wannan layi, ta zama mazaunin manyan soja, ta kuma karɓi mulkin Arewa daga Zungeru a 1917. A 1924 aka buɗe wurin horon kurata a Zariya, inda hanyoyin dogo suka haɗu.

Barikin ya yi suna. A zamanin yaƙin Hitila, bataliyoyin Nijeriya sun shiga dazuzzukan Bama a 1944, cikin rundunar da ake kira Chindit, suka gwabza da sojan Japan. Sunan wannan runduna ne barikin Zariya ke amsawa har yau. A 1954 kuma aka kafa makarantar yaran soja a garin, wadda ta fitar da hafsoshi masu yawa.

To, a nan ne abin lura yake. Bature bai gina bariki don gadin ƙauye ba. Nufinsa shi ne ya riƙe manyan birane, in wani wuri ya motsa a zuba soja a jirgi. Tsaron ƙauye kuwa ya bar wa sarakuna da dogaransu da 'yan doka. Reshen dogo da ya tashi daga Zariya ya bi ta Gusau ya tsaya Ƙauran Namoda a 1929, bai taɓa leƙo ƙasar Mafara ba. Bayan samun mulkin kai a 1960 aka gaji wannan tsari yadda yake, daga baya kuma aka karɓe 'yan doka daga hannun En'e, ba a aza wa ƙauye abin da ya maye gurbinsu sosai ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Gaskiya ne an matso. Akwai babbar hedkwata a barikin Giginya na Sakkwato, akwai kuma birged a Gusau. Amma Mafara na tsakaninsu, kowanne tafiya ce mai tsawo, ɓarawo kuwa a kan babur yake, dajin kuma gidansa ne. Daren da aka kwashe 'yan makarantar mata a Jangebe, cikin Fabrairun 2021, ya isa shaida: yara 279 aka kora daji kafin gari ya waye.

Saboda haka shawara biyu ce. Ta farko ga hukuma: a rarraba ƙananan sansani masu ɗorewa a bakin daji da kan hanyoyin kasuwa, waɗanda ba za a janye su ba da zarar an sami ɗan sauƙi. Ta biyu ga iyaye da malamai: a daina ganin aikin soja kamar na wanda ya rasa abin yi. Yaron da ya yi karatu, ya san tsoron zalunci, ya kuma san kowace burtali ta ƙasarsu, shi ya cancanci a tura Zariya in an buɗe ɗaukar kurata. Garin da bai ba da 'ya'yansa ba, baƙo ne zai tsare shi, baƙo kuwa sai an nuna masa hanya.

Allah ya zaunar da ƙasa lafiya, ya kai matafiya gida. Haza wasalam.