Tallafin masu yawon buɗe ido: mai takarda ko mai hasara?

Duk wanda ya san Agadas kafin shekarar 2007 ya san yadda garin yake cika da Turawa da zarar sanyi ya shigo. Direbobi na kai su Tenere da duwatsun Abzin, maƙeran azurfa na cinikin sarƙa da zobe, dukawa na sayar da jaka da takalmi. Tawayen 2007 ya fara karya harkar, sace ma'aikatan kamfanin Areva a Arlit cikin 2010 ya ƙara dagula ta. Ko shigar tsohon garin cikin jerin kayan tarihi na UNESCO a 2013 bai maido da baƙin ba. Sai kuma 2020, ga korona, ga harin Kure inda aka kashe Faransawa 6 da direbansu da jagoransu.

Ba mu musun cewa hukuma ta taɓa motsawa. A 2020 gwamnatin Nijar ta ƙulla yarjejeniya da bankuna a kan miliyar 150 na sefa domin kamfanonin da annobar ta taɓa. Amma bashi ne, kuma ta banki ya bi. Banki kuwa, kowane ɗan kasuwa ya sani, ba ya sauraren ka sai da lambar NIF, da rajistar kasuwanci, da lissafin shekara. Babban otal na Yamai yana da akawun da zai haɗa masa wannan cikin mako guda. Mai raƙuma uku da ke kai baƙi daji fa? Maƙerin da rumfarsa ce ofishinsa fa?

Abin da ya fi damun mu shi ne sharaɗin nan da aka saba gindayawa a irin wannan tallafi, wai mutum ya nuna cinikinsa na bara domin a auna faɗuwar bana. Wanda sana'arsa ta durƙushe tun 2010 wane cinikin bara zai nuna? Ke nan wanda ya fi kowa daɗewa cikin wahala shi ne farkon wanda za a cire. Wasu daga cikin direbobin nan ma sun koma jigilar baƙin haure zuwa Libiya, da dokar 2015 ta hana, aka yi musu alkawarin jari na miliyan ɗaya da rabi. Dubbai suka yi rajista, ƴan ɗaruruwa suka samu a zagayen farko.

Kada a ce muna neman a raba kuɗin talakawa ba ka'ida. Mun sani sarai ranar da aka ce ana rabo, wanda bai taɓa ganin ɗan yawon buɗe ido ba zai wayi gari jagora, ga kuma ƴan uwan manya a sahun gaba. Tantancewa dole ce. Sai dai takarda ba ita kaɗai ce shaida ba. Ƙungiyoyin jagorori da na masu sana'ar hannu sun san mutanensu, sarkin maƙera ya san wanda ya gaji uwar maƙera da wanda ya shigo jiya. Tikitin kasuwa da mutum ya biya shekara da shekaru shi ma haraji ne. Hukumar da ta karɓa ba ta ce ba ta san shi ba a lokacin karɓa.

Ku ƴan kasuwar Ƙwanni da Ɗan Isa da Gaya, maganar ta shafe ku. Kun ga rufe iyaka a 2019 da kuma 2023, kuma akasarinku ba ku da lissafi a rubuce. Sharaɗin da ya fitar da maƙerin Agadas shi zai fitar da ku ranar da aka ce za a tallafa wa kasuwannin iyaka.

Don haka muna kira ga hukuma, duk wani tallafi na gaba a ware wa ƙananan masu sana'a kasonsu daban, kada su yi takara da manyan otal. A karanta sharuɗɗan a gidajen rediyo da Hausa da Tamajak da Zabarmanci kafin a buɗe rajista, a kuma liƙa sunayen waɗanda suka samu da adadin kuɗinsu a ƙofar magajin gari.