Ilmin Siyasa a Azuzuwan Ƙarshe na Sakandare

Akwai wata magana da ta daɗe tana ci mana tuwo a ƙwarya, mu masu koyon aikin malanta, watau yadda ake karantar da ilmin siyasa, wanda ake kira darasin Gwamnati, a azuzuwa uku na ƙarshe na sakandare. Mun ga ya kamata mu kawo ta gaban 'yan'uwa da malamanmu, ko a sami abin gyarawa.

Da fari a dubi shekarun yaran. Galibinsu sukan gama aji shida suna da shekara 17 ko 18, tsarin mulkin 1999 kuwa ya ba ɗan shekara 18 ikon jefa ƙuri'a. A 2018 kuma aka sauko da shekarun tsayawa takarar Majalisar Wakilai da majalisun jihohi daga 30 zuwa 25. Ashe ke nan yaron da ke gabanmu yau, gobe shi zai zaɓi mai mulki, jibi ma ana iya zaɓensa. Da yawansu kuwa daga nan karatunsu ya tsaya, abin da ba su samu a wurinmu ba sai su tsinta a bakin kasuwa.

To, me muke ba su? Hadda. Yaro zai jero maka tsarin mulkin 1922 da na 1946 da na 1951 da na 1954, duk da sunayen Turawan da aka laƙaba musu, ya gaya maka sanatoci 109 ne, wakilai 360, ƙananan hukumomi 774, ba gargada. Amma tambaye shi abin da ya sa aka mai da Nijeriya tarayya a 1954, ko wane ne kansilan mazaɓarsu, ko daga ina kuɗin ƙaramar hukumarsu ke fitowa, sai ya yi zuru. Ya ci jarrabawar WAEC, ga shi bai san ƙofar da zai kai kuka ba in asibitin garinsu ya rasa magani. Har wa yau, a yawancin makarantu 'yan sashen kimiyya ba su ɗaukar darasin, sai ka ce likita da injiniya ba su jefa ƙuri'a.

Mun sani waɗansu iyaye suna cewa siyasa ƙarya ce da rigima, kada a lalata musu yara. Tsoronsu yana da dalili, gama sun ga yadda ake mai da samari 'yan banga. Amma fa wanda bai san haƙƙinsa ba shi ya fi sauƙin saye, rashin sani ya fi dare duhu. Kuma wannan ilmi ba baƙo ba ne a ƙasarmu. Tun ƙarshen ƙarni na 15 Shehu Magili ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa abin da ya wajaba a kan sarakuna. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya wallafa Liya'ul Hukkami, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuma ya wallafa Usulus Siyasa. Malamanmu na zaure ba su taɓa ganin aibin karanta su ba.

Ga abin da muke gani. A karanta wa yara babi na 4 na tsarin mulki, mai maganar haƙƙin ɗan ƙasa, a fassara musu shi da Hausa har ya zauna. A kafa majalisa a aji, su yi mahawara bisa doka, wanda aka kayar ya koyi haƙuri. A kai su su ga zaman majalisar jiha da idonsu. A kuma buɗe wa 'yan kimiyya ƙofa.

Sharaɗi ɗaya ne a wuyanmu: malami ya ajiye jam'iyyarsa a bakin ƙofar makaranta. In ya zo tarihin NPC da NEPU, ya ba kowa haƙƙinsa, ya bar yara su auna. Mu tuna Sardauna Ahmadu Bello, da Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Malam Aminu Kano, dukansu da alli suka fara. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, ga shi kuwa a hannunmu. Allah ya sa mu riƙe amana, amin.