Kuɗin JBL a mota: yawancinmu asara muke yi

Jama'a, mu daina yaudarar kanmu. Dillali zai nuna maka Camry biyu, shekara ɗaya, inji ɗaya, ya lafta wa ɗaya kuɗi don kawai an rubuta JBL a jikin sifika. Kai kuma ka biya kana murmushi.

Ban ce kayan banza ba ne. A kamfani an auna cikin motar, an daidaita amfilifaya da kowace sifika, shi ya sa Mark Levinson na Lexus ke ratsa jiki. Af, shi da JBL ɗin duk na Harman ne, kamfanin da Samsung ya saya a 2017.

Amma fisabilillahi me muke saurare? Labaran rediyo, sai wa'azin da aka turo ta WhatsApp, an matse shi har ya shaƙe. Muryar mutum ɗaya me za ta yi da sifika goma? Ga gilashi a sauke, don tun da aka cire tallafin mai a 2023 ba kowa ke kunna esi ba. Iska da hon ɗin 'yan adaidaita sun cinye sautin.

Abin da ya fi ƙona min rai, sati biyu da sayen mota an kai ta wurin mai wayarin, ya cire rediyon kamfani ya dasa allon Android. Sau tari ya yanke wayoyi ya tsallake amfilifayar da aka biya kuɗinta! In kuwa ta ƙone, sai yawon neman 'yar Beljiyam, don ba kowace ke shiga kowace mota ba.

Ni dai a ba ni marar JBL, canjin in sa sababbin tayoyi.