Gadon Jini Ba Hukuncin Mutuwa Ba Ne

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a Keffi, wadda ake yi da raɗa a gidan suna da ɗakin jinya, wai yaron da aka haifa da amosanin jini baƙo ne, ba mai zama ba, saboda haka wahala a kansa asara ce. Wannan jahilci ne da aka yafa wa rigar tawakkali.

Haƙiƙa asalin cutar gado ne. Cikin haruffa kimanin biliyan 3 na tsarin halittar ɗan Adam, guda ɗaya tak ya sauya, sai jajayen ƙwayoyin jini su riƙa lanƙwashewa kamar lauje suna toshe ƙananan jijiyoyi. Kuma idan miji da mata duka AS ne, wato suna ɗauke da harafin ba tare da cutar ba, kowane ciki yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu, wanda rabinsa daga uba yake, ko da dangin miji sun fi son ɗora wa amarya laifi.

Amma harafin ba shi kaɗai ke yanke hukunci ba. A binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta gudanar a Garki ta Jigawar yau cikin shekarun 1970, an tarar jariran da ke da cutar ba safai suke wuce ƙuruciya ba. Alhali a Ingila, da wannan harafin dai, mafi yawansu suna girma su yi karatu su yi aure. Abin da ya bambanta su shi ne gwajin jarirai, da penisilin, da allurar rigakafi, a ƙasarmu kuwa sai a ƙara da gidan sauro. Wanda ya ga yaro cikin hunturu yana birgima da ciwon ƙashi, idanunsa sun yi ruwan ɗorawa, ya tambaya tukuna ko an lulluɓe shi, an ba shi ruwa isasshe, an yi maganin zazzaɓinsa da wuri, kafin ya ambaci ajali. Shari'a ba ta taɓa yardar wa mumini ya bar riƙo da sababi ba.

Gwaji kafin aure, wanda Kano ta mayar doka a 2024, alheri ne, sai dai ba ya amfanar wanda aka riga aka haifa. Ya ku iyaye, Cibiyar Lafiya ta Tarayya tana nan cikin garinmu. Ku kai yaran nan a duba su tun suna ƙalau.